Zazzaɓin da Madubi Bai Gani Ba

A asibitin nan, in ka ce ɗakin gwaji kake nema, sai an tsaya yi maka kwatance. Amma in ka ce wajen Madubi za ka, ko mai shara sai ta nuna maka da bakin tsintsiya. Ɗakin yana bayan sashen yara, can ƙarshen wata doguwar baranda mai rufin kwano, dab da famfon da iyaye mata ke wanke kofuna. Taga ɗaya gare shi mai raga, da dogon teburin siminti wanda shuɗin rini ya kama har ka ce da shi aka gina shi. A nan mutumin ya yi ƙuruciyarsa, a nan kuma furfura ta same shi.

Sunan daga kayan aikinsa ya fito, wato madubin likita da ake leƙawa a ga ƙwayar cuta a cikin jini. Yana sabon ɗauka, wata tsohuwar nas duk sanda ta leƙo sai ta tarar da shi a sunkuye, ido ɗaya a manne da madubin, ɗayan a runtse. Ran nan ta ce, "Yaron nan, kai fa ka zama madubin ma." Shi ke nan suna ya bi shi. Da farko Madubi ne kawai, ya koma Malam Madubi, da gemu ya yi fari aka mai da shi Baba Madubi. Har mai ɗakinsa, in tsokana ta motsa mata, haka take kiransa.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Ya tashi yana kallon mahaifinsa yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki, numfashi a riƙe, kada iska ta ɗauke su. Bai gaji sana'ar ba, amma ya gaji zama wuri ɗaya da haƙurin kallon ƙaramin abu. Aikinsa kuwa kullum iri ɗaya ne: a soki yatsa, a shafa ɗigon jini a kan gilashi, a bari ya bushe, a zuba rini, a ɗauraye, a ɗiga mai, sannan a leƙa. A shekarun farko, in an ɗauke wuta, sai ya ja madubin zuwa bakin taga ya karkato hasken rana ciki. Yakan ce hasken hantsi ya fi kowane ƙwan lantarki gaskiya.

Yara ba sa gudunsa sosai. In aka kawo yaro yana ta zillo, sai Madubi ya kama hannunsa ya baje, ya yi fuskar alƙali.

"Gaya mini tsakani da Allah, a cikin yatsun nan wane ne ya fi rashin ji?"

Yaro ya tsaya tunani, ya nuna ɗaya.

"Na san za a rina. Shi ne mai lakatar miya, ko? To, shi za mu hukunta."

Kafin yaro ya gama dariya an soke an gama. Kukan, in ma ya zo, a makare yake zuwa.

A keke yake zuwa aiki, kuma keken ne ya haɗa shi da amininsa, mai facin da ke bakin ƙofar asibiti. Rumfarsa tana ƙarƙashin wata bishiya, tsofaffin tayoyi jibge ta ko'ina. In Madubi ya tashi aiki da la'asar, sai ya jingine keken ya zauna a kan taya su taɓa hira. Mai Faci yana ce masa likitan sauro, shi kuma yana ce masa likitan taya. Sun yi aure kusan lokaci ɗaya, 'ya'yansu sun tashi suna kiran kowannensu Baba.

Damina ita ce lokacin aikinsa. Gadajen sashen yara su cika, a shimfiɗa katifu a ƙasa, gilasan jini su jeru a teburinsa kamar ba za su ƙare ba. Yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, maleriya, kuma ita ya san ta kamar yadda ya san 'ya'yansa. Yana leƙawa zai gan ta zaune cikin jini kamar ɗan zobe. Ya faɗa, a ba da magani, yaro ya tashi.

Sai dai akwai shekarun da wani zazzaɓi daban kan shigo. Yaro jikinsa kamar garwashi, yana kukan ciwon gaɓoɓi, yana cewa bayan idonsa na ciwo, wani lokaci har da ƙuraje ja-ja a fata. Madubi ya leƙa gilashi, ya zagaya lungu da saƙo, ba komai. A sake aiko da jini, ya sake dubawa har idonsa ya yi ruwa, ba komai. Likitoci su ba da maganin maleriya don kada a zauna haka, wani lokaci na taifot. Yawancin yaran su warke da kansu. Amma kaɗan daga cikinsu, ranar da zazzaɓin ya sauka, uwa ta fara murmushi tana naɗe tabarma, a ranar ko washegari sai hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau, ciki ya murɗa, jini ya fito ta dasashi, yaro ya tafi ana kallonsa.

Akwai wani yaro da Madubi bai taɓa mantawa da shi ba, mai giɓi a gaba, mai shegen surutu. Shi da kansa ya biyo uwarsa ɗakin gwaji, zazzaɓi na cinsa amma bakin bai mutu ba.

"Baba, me kake kallo a ciki?"

"Jininka."

"In gani?"

Ya ɗaga shi ya ɗora a kan kujera. Yaron ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce wa uwarsa, "Mama, cikina duk kuɗin ƙarfe ne!" Aka yi ta dariya. Da zazzaɓinsa ya sauka aka sallame su, ya biyo ta taga yana ɗaga wa Madubi hannu. Washegari da hantsi uwar ta dawo da shi a goye, ba ta ko ɗaura ɗankwali ba. Kafin azahar ya cika.

Madubi ya ɗauko gilashin yaron ya sake dubawa, ko da ya san ba abin da zai gani. Likitan yara na lokacin, wani dogon mutum mai yawan shiru, ya shigo ya same shi a haka. Ya jingina da tebur ya ce, "Malam Madubi, bar wahalar da idonka. Ni zargina dengi ne. Ƙwayarta ta yi ƙanƙantar da madubinka ba zai taɓa nuna ta ba, ko ka shekara kana leƙe."

"To, Likita, yaya za a yi a gane ta?"

"Sai an aika jini can nesa. Kafin amsa ta dawo, yaro ya warke ya koma makaranta, ko kuma an daɗe da rufe shi."

Ranar bai tsaya wajen Mai Faci ba. A gida ya zauna a gaban abinci yana juya cokali. Mai ɗakinsa ba ta tambaye shi komai ba. Ta san damina, ta san fuskar. Ta dai kore yara daga kusa da shi, ta ce, "Baban yara, ci ko loma biyu ne. Gobe ma akwai 'ya'yan mutane suna jiranka."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Dogon likitan ya bar aiki, wasu suka zo suka tafi. 'Ya'yan Madubi suka girma, babbar ta yi aure ta fara kawo masa jikoki. Shi kuwa yana nan a bakin tagarsa, duk damina yana faɗin kalmar da ya fi tsana a bakinsa: ba a gani ba.

Ya kusa ritaya aka kawo injin. Aka kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya na kusa da nasa, aka yi fenti, aka raba ɗakin gida-gida da gilashi, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da firji mai ƙanƙara. Injin kansa bai fi akwatin talabijin ba. Tare da shi aka turo wata matashiya da ta karanci aikin, siririya mai saurin tafiya, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ma'aikata suka sa mata Malamar Inji. Ranar farko ta shigo ɗakinsa ta rusuna ta gaishe shi, abin da ya sa ya ji ta kwanta masa a rai tun kafin ta ce komai.

"'Yata, wannan akwatin naku, da wane ido yake gani?"

"Ba ya gani, Baba. Ƙirga yake yi. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun halittarta a cikinta. Mu sai mu tace jinin yaro mu fitar da wannan, mu haɗa da sinadarin da ba ya kama komai sai na dengi. Injin ya yi ta zafi yana sanyi, yana ninka ɗan guntun nan, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya yi yawan da zai nuna kansa. Shi ake kira gwajin PCR."

"Wato kamar mai kwafin takarda."

"Haka ne, Baba. In babu takardar tun farko, ba abin da zai kwafa."

Ya jinjina kai. Matasan ɗakin gwaji aka zaɓa su koyi aikin, shi ba a sa da shi ba, kuma ba da mugun nufi ba: wa zai ɗora wa mai shirin tafiya sabon kaya? Ya yi kwanaki yana jin abin a ransa. Yana zaune a bakin taga sai ya ji ƙarar buɗe ƙofar sabon ɗakin, ya ji dariyar matasa, ya ƙara sunkuyawa a kan madubinsa. Daga ƙarshe ya cire kunya ya samu Malamar Inji.

"'Yata, tsoho zai iya shiga ajinku?"

Ta yi dariya har da rufe baki. "Baba, ai kunyar tambayarka nake ji."

Koyon bai zo masa da sauƙi ba. Sai an sa riga ta musamman, an sa safar hannu, an rufe baki da hanci. Abin da ka taɓa a wannan gida ba ya tsallakawa wancan. Ɗigon da ake ɗiba kuwa bai kai hawayen ƙuda ba, ana ɗibarsa da wani abu mai kama da biro, a zuba a 'yan kwalaben roba ƙanana kamar ƙwayar wake. Hannunsa da ya yi shekaru yana sokin yatsun yara ba kuskure, a nan sai ya kama rawa. Ɗakin ba taga, ba kukan yara, ba warin rini. Sanyi ya riƙa shiga masa gwiwa. Wani lokaci sai ya fito baranda ya tsaya a rana kamar ƙadangare, kafin ya koma.

A kowane gwaji akan sa kwalba ɗaya ta ruwa zalla, don a tabbatar aiki ya fita da tsabta. Ranar da aka fara bar masa gwajin koyo shi kaɗai, da sakamako ya fito, kowace kwalba ta nuna dengi. Har ta ruwan.

Malamar Inji ta dubi allon, ta dube shi, ta cije leɓe. "Baba, ka canja safar hannu bayan ka taɓa kwalbar misali, mai ƙwayar dengin a ciki?"

Ya dubi hannunsa. Bai canja ba.

Kafin a tashi aiki labari ya kai sashen yara. Sista, babbar nas ɗin sashen, wadda suka tsufa tare a asibitin kuma ba ta raga masa, ta tare shi a baranda.

"Baba Madubi, sannu da ƙoƙari! An ce ka gano ruwan famfo ma ya kamu. A ba shi gado ne, ko a sallame shi?"

Ya yi dariyar yaƙe ya wuce. A gida ya ce wa mai ɗakinsa shi ya haƙura, abin na yara ne. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Kai da ka shekara talatin kana dawo mini da fuska a murtuke saboda zazzaɓin nan, yanzu da aka kawo abin gane shi sai ka ce na yara ne? Ka je ka canja tabarau dai. Jiya ma gishiri ka zuba a shayi."

Ya canja tabarau. Ya roƙi Malamar Inji ta ba shi tsohon abin ɗiban ɗigo, kullum in aiki ya lafa da rana sai ya zauna a tsohon ɗakinsa yana ɗiban ruwan rini daga kwalba zuwa kwalba, numfashi a riƙe. Sannu a hankali hannun ya natsu. Da aka sake ba shi gwaji, ruwa ya fito ruwa. Sista ta ce alhamdu lillahi, mara lafiyarta ya samu sauƙi.

Damina ta kankama. Wata safiya yana jingine kekensa sai ya ga rumfar Mai Faci a rufe, abin da bai saba gani ba. Bai daɗe da zama ba sai ga aminin nasa a bakin ƙofa, ɗauke da autarsa a kafaɗa. Yarinya ce 'yar firamare, wadda ya samu da girma, kowa Auta yake ce mata. Ita ce mai kawo masa abinci rumfa in an taso makaranta.

"Likitan sauro, duba mini ita. Shekaranjiya ta fara, jikin kamar murhu. Na sayo mata magani a kemis, ko gezau."

Madubi ya taɓa goshinta. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baba, bayan idona ke ciwo." Madubi ya ɗauko gilashi. Ya soki yatsa, ya yi rini, ya leƙa. Gilashi fes. Ya raka su da kansa wajen likitar yara, wata mace mai natsuwa da ba ta daɗe da zuwa ba. Ta duba Auta, ta karɓi ƙwayoyin da uban ya sayo ta juya su a tafin hannu, ta ware wasu gefe.

"Waɗannan kada a sake ba ta, suna iya sa jini ya ƙi tsayawa. Farasitamol kawai. Baba Madubi, tunda zazzaɓin bai daɗe ba, ƙwayar tana nan a jini in dai ita ce. A yi mata sabon gwajin yau."

Shi ya ɗebi jinin a jijiya. Shi ya tace, Malamar Inji na tsaye a bayansa. Suka rufe injin, ya kama gurnaninsa a hankali. Aka shiga jira. Ya koma tsohon ɗaki ya duba gilasai, ya dawo, ya sake komawa. Bayan azahar ta leƙo ta yafito shi.

A kan allon akwai layuka kwance, shiru, kamar zare a ƙasa. Ɗaya ne kawai ya ɗago kai, ya lanƙwasa, ya yi sama.

"Na Auta ne, Baba. Dengi ce. Ga ma irinta, cikin iri huɗun da ake da su."

Ya matso da fuskarsa har tabarau ya kusa taɓa allon. Ya daɗe a haka. Abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema a bakin taga, ga shi nan, ɗan layi kore. Ya tuna yaron nan mai giɓi, ya tuna wasu da ko fuskarsu ta ɓace masa sai kukan iyayensu. Ya zare tabarau. Malamar Inji ta yi kamar tana gyara wani abu a firji har ya gama share idonsa.

Likita ta tara su a gefen gadon, ita da Sista da Mai Faci da matarsa. Ta ce cutar ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, jiki ne ke yaƙinsa, su kuma aikinsu su tallafa masa. Ta ce gwajin ya faɗi sunan cutar, amma bai faɗi ko za ta yi tsanani ba, wannan sai an sa ido. Kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne sanda zazzaɓin ya sauka. Mai Faci ya ce to, amma Madubi ya lura maganar ba ta shige shi ba.

Bayan kwana biyu ko uku, da safe, zazzaɓin ya sauka. Auta ta tashi zaune ta ce biskit take so. Uwar ta fara haɗa kwanuka. Madubi yana cikin aiki sai ga Sista.

"Zo ka yi wa abokinka magana. Ya ce tafiya za su yi."

Ya same shi a baranda, ya riga ya saɓa buhun kayansu.

"Ina zuwa?"

"Gida mana. Yarinya ta warke, kai ma je ka taɓa jikinta ka ji. Rumfa tana rufe, ga yara a gida ba kowa. Wari da kukan nan ma sai su sa mai lafiya ciwo."

"Ajiye buhun nan."

"Haba, Madubi. Ni fa ba yaro ba ne. Ina da ido."

"Tun muna samari kake yi mini faci. Na taɓa tsayawa a kanka na ce ga yadda za ka shafa gam?"

"Ba ka taɓa ba."

"In ka ce tayar nan ba za ta kai ni gida ba, ina musu?"

Mai Faci ya kau da kai.

"To, na rantse maka, na ga yara sun fita ta ƙofar can a irin wannan safiya suna ɗaga mini hannu. A lokacin ba mu san abin da ke cinsu ba. Yanzu mun sani. Ka ba ni yau da gobe. In ba abin da ya faru, ka zage ni a gaban kowa, na yarda."

Mai Faci ya dube shi, ya ga idon tsohon ya kaɗa. Ya sauke buhun a hankali ya zauna a kai.

Rana ta take tsaka Auta ta ce cikinta na ciwo. Ta yi amai, ta sake yi. Sista, wadda tun safe take zagayo gadon kamar kaza da 'ya'ya, ta kama hannunta ta ji ya yi sanyi, ta ɗaga leɓenta ta ga jini a dasashi. Ba a yi ta neman me ya faru ba, don kowa ya san abin da ake jira. Allurar ƙarin ruwa tana hannun yarinyar tun kafin jijiya ta ɓuya, ledar ruwa tana rataye. Likita ta zo ta saita ɗigon da kanta. Ta bayyana wa iyayen cewa ruwan jinin ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi, jinin ya yi kauri, dole a mayar da abin da ya fita, kuma a mayar da shi da awo, don in ya yi yawa shi ma illa ne.

Awon kaurin jinin kuwa a tsohon ɗakin Madubi ake yinsa, da wani tsohon inji mai juyi da ƙara kamar babur. Ya yi ta safa da marwa a barandar nan, ya ɗebi ɗigo a siririn gilashi, ya juya, ya kai wa Likita amsa, ita kuma ta ƙara ɗigon ruwa ko ta rage. Duk wucewar da zai yi, Mai Faci na zaune a kan buhunsa, sai ya ɗago ido. Madubi kuwa sai ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Aka yini a haka, aka wayi gari a haka. Auta tana kwance ba ta ko iya korar ƙuda, uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai washegarin wannan, da hantsi, aka ji muryar Sista tun daga cikin sashe tana kiran Likita kamar an yi mata albishir.

"Ta yi fitsari! Auta ta jiƙa mini gado sharkaf!"

Mai Faci ya miƙe a firgice, ya fara ba da haƙuri. Sista ta ce, "Haƙurin me? Ai tun jiya shi muke roƙo. Alama ce jini ya koma gudu yadda ya kamata." Hannun yarinyar ya yi ɗumi. Da yamma ta ce a ba ta shinkafa, kuma kada a sa mata miya da yawa. Uban ya fita baranda ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa na rawa.

Ranar da za a sallame su, Mai Faci ya tambayi Likita inda 'yarsa ta samo wannan abu. Ta ce sauro ne, amma ba irin na dare ba, wani baƙi mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, kuma a ruwan sama da ya kwanta a gwangwani ko tulu ko tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa. Da ya ji taya sai ya sunkuyar da kai. Madubi ya yi sauri ya ce, "Saurayin sauron nan ba a rumfarka kaɗai yake haya ba, duk gari nasa ne."

Duk da haka, washegari da Madubi ya zo wucewa sai ya tarar da shi a tsugune da ƙusa da guduma, yana bin tsofaffin tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana huda su don ruwa ya zube. Madubi ya tsaya da kekensa yana dariya har da riƙe ciki.

"Yau na ga ƙarshen duniya. Mai faci yana huda taya!"

"Wuce ka ba ni wuri, likitan ruwan famfo."

Ba duka yaran daminar nan ne suka tashi ba. Akwai waɗanda aka kawo a makare, hannu ya riga ya yi sanyi tun a hanya. Akwai lokacin da sinadarin gwajin ya ƙare aka yi ta jira, injin yana lulluɓe da zane. Akwai kuma waɗanda zazzaɓinsu ya daɗe har ƙwayar ta bar jini, injin bai samu abin ninkawa ba, sai likita ta bi alamu da wasu gwaje-gwaje. Amma sashen yara ya canja. An ware gadaje kusa da teburin nas-nas don masu dengi, an rufe su da gidan sauro har da rana, kuma ba a ƙara sallamar yaro don kawai jikinsa ya yi sanyi ba. Madubi ya yi damina biyu yana aiki tsakanin ɗakunan nan, da safe a bakin tagarsa, da rana a cikin sanyi. Ya ce su ne shekarun da suka fi masa daɗi a aiki, ko da yake gwiwarsa ba ta yarda ba.

Sannan ritaya ta zo. Aka yi masa ɗan taro a baranda, aka sha lemo, Sista ta tashi za ta yi masa tsiya sai kuka ya ƙwace mata. Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, aka yi aiki, ya ɗan samu sauƙi. Mai Faci ya riga shi tafiya, ciwon kwana kaɗan. Aka sare bishiyar rumfarsa aka gina shagon sayar da katin waya a wurin. Auta ta girma ta zama tela, takan zo gaishe su da ɗanta a goye. Malamar Inji an yi mata ƙarin girma zuwa wani asibitin, amma takan bugo waya ta ce, "Baba, yaya gwiwa?"

Yanzu yawanci yana ƙofar gida a kan kujerar roba, jikoki suna hawa suna sauka a jikinsa. Matan unguwa in yaro ya yi zazzaɓi sukan fara biyowa ta wajensa. Ba ya ba da magani. Yakan taɓa goshi, ya yi tambaya biyu ko uku, ya ce a tafi asibiti yau, kada a bari sai gobe.

A daminar bara wata maƙwabciyarsu, wadda mijinta direba ne ba ya gari, ta zo da ɗanta tana hawaye, ta ce ita ba ta san kan asibitin ba. Ya sa hula ya raka ta. Ya tarar an gina sabon ɗakin gwaji mai bene a gaba, da kujerun jira a jere. Ya bar ta a layi ya lallaɓa ta bayan sashen yara. Tsohon ɗakinsa yana nan, an sa kwaɗo. Ya leƙa ta raga ya ga karyayyun gadaje jibge har rufi, da gefen teburin siminti, shuɗin nan bai fita ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya dawo.

Yana tsaye a bakin ƙofar sabon ɗakin yana miƙa wuya, wata ma'aikaciya cikin farar riga ta fito da tire a hannu.

"Baba, don Allah ɗan matsa, nan ba a shiga. Ga kujera can ka zauna, za a kira ku."

"To, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ya je ya zauna cikin masu jira. Da sakamako ya fito, maleriya ce, aka rubuta magani. A hanyar komawa, cikin mota, yaron ya yi barci a cinyarsa. Maƙwabciyar ta dube shi ta ce, "Baba, ashe ba su san ka ba. Ba ka ji haushi ba?"

"Haushin me? Yarinyar ta iya aikinta, ni ma da haka zan ce." Ya gyara kan yaron a hannunsa. "Kewa dai na ji. Ki tuna fa, maganin nan sai ya ci abinci za ki ba shi, kuma ki ƙarasa shi duka ko ya tashi yana guje-guje."